Cinikin Biri a Cikin Kwali

Akwai wata ƙungiya da ba ta da shugaba, ba ta da katin shaida, ba ta kuma kiran taro, amma 'ya'yanta sun cika duniya. Ni ma ɗanta ne, don haka ina da bakin magana a kanta. Ƙungiyar masu son araha ce a kasuwannin intanet, reshen kayan kwamfuta. Alamarmu ɗaya ce: da zarar mun ga an rubuta "buɗaɗɗen kwali" kusa da wani kaya, an kuma ja layi a kan tsohon farashinsa, sai hankalinmu ya yi mana sallama ya fita, ya bar yatsa shi kaɗai a kan maɓallin saye. Buɗaɗɗen kwali shi ne kayan da wani ya saya, ya buɗe, ya mayar wa kanti, kanti kuma ya sake kasa shi da ragi. Amazon na da sashe guda na irin wannan kaya, wanda aka daɗe ana kira Amazon Warehouse kafin a sauya masa suna zuwa Amazon Resale a 2024. Newegg, babban kantin kayan kwamfuta na jihar Kalifoniya, shi ma yana da nasa. Mu 'yan ƙungiya muna kiran wannan ragi sa'a. Ni kuwa na ce lada ne. Kanti ya ɗauke mu aikin gwada masa kaya ba tare da ya sanar da mu ba, kuma mu ne muka biya kuɗin kama aiki.

A duba yawan kayan tukuna. Ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka da ake kira NRF ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai an mayar wa kantunan ƙasar kaya na dala biliyan 743, wato kashi 14.5 cikin ɗari na duk abin da aka sayar. Daga ciki, a ƙiyasinta, kimanin dala biliyan 101 damfara ce da cin amanar tsarin mayar da kaya. To wa zai duba wannan tsauni? Kantuna suna cewa suna dubawa, kuma ban ce ƙarya suke yi ba, sai dai dubawa iri-iri ce. Takalmi a kalle shi a shinshina, an gama. Babban allon kwamfuta kuwa, wanda masu gyara ke kira madabod, ba ya faɗin lafiyarsa sai an ɗora masa firosesa, an soka RAM, an jona akwatin wuta, an kawo sikirin, an kunna, an zauna ana kallo kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Mutumin da ke da wannan sani da wannan haƙuri albashinsa ya fi ƙarfin ragin da ake yi a kan kayan. Shi ya sa darajojin da Amazon ke liƙa wa irin wannan kaya, daga "kamar sabo" zuwa "mai kyau sosai" zuwa "mai kyau" har zuwa "ba laifi", yawancin bayaninsu a kan ƙarzuwa ne da yagewar kwali da rashin wata 'yar waya. Ka je kara sayen sa, ka tambaya ko yana cin abinci, dillali ya ce ai dubi yadda gashinsa ke sheƙi.

Kayan da aka mayar kamar bazawari ne: kowa ya san an rabu, amma sai an shiga unguwa an yi tambaya kafin a ji dalili, kuma shi ba zai taɓa cewa laifinsa ne ba. Wani ya sayi katin hoto ya tarar ya fi akwatin kwamfutarsa tsawo. Wani uwargida ce ta ga rasit. Waɗannan bayin Allah ne, kayansu lafiya lau. Amma a layi ɗaya da su akwai wanda sukudireba ta suɓuce masa ta kwarzane allo, ya rufe kwali ya rubuta "na fasa". Akwai gwanin da ya sayi firosesa uku iri ɗaya, ya gwada, ya riƙe wanda ya fi gudu da sanyi, ya mayar da ragwayen. Akwai wanda kayansa ke aiki kwana uku ya suma a na huɗu, ciwon da ba a gane shi a duban minti biyar. Kwalayensu duka kama ɗaya ne. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin wannan tun 1970 da misalin kasuwar motoci na hannu: idan mai sayarwa ya san aibin kaya, mai saye bai sani ba, to marasa kyau ne za su yi ta taruwa a kasuwar. Wannan nazari na cikin abin da ya ja masa kyautar Nobel a 2001. Kakanninmu sun riga shi da cewa ba a cinikin biri a sama, ko sisi kuwa ba a ba su ba. A buɗaɗɗen kwali abin ya ma zarce na Akerlof, domin sau da yawa shi kansa mai sayarwar bai san abin da ke ciki ba. Wanda ya sani yana can gidansa, an riga an mayar masa da kuɗinsa, yana shan shayi.

Madabod shi ne sarkin wannan masifa, kuma dalilin yana cikin ramin da ake zaunar da firosesa. A cikin ramin akwai 'yan fil sirara kamar gashin jariri: 1,200 a samfurin LGA1200 na Intel, 1,700 a LGA1700, 1,718 a AM5 na AMD. Ɗaya ya lanƙwashe, sai RAM ɗinka rabi ya ɓace, ko kwamfuta ta ƙi tashi baki ɗaya, kuma masu ƙerawa ba sa ɗaukar wannan a matsayin laifinsu. A farkon 2022 Steve Burke, mai tashar Gamers Nexus a YouTube, ya ba duniya labarin wani madabod ƙirar Gigabyte Z490 Aorus Xtreme da ya saya a Newegg kan kimanin dala 500, bai lura cewa buɗaɗɗen kwali ba ne. Bukatarsa ta wuce, ya mayar da shi ko buɗewa bai yi ba. Kanti ya ce ba za a biya shi ba, wai ya lanƙwasa fil. Da magana ta fito fili aka mayar masa da kuɗinsa, aka kuma aiko masa da allon, ya buɗe a gaban kyamara. Ga takarda nan liƙe a jiki, tana nuna cewa tun kafin a sayar masa an taɓa aika allon wurin Gigabyte, an ga ramin ya lalace, ba a yi gyaran ba, aka dawo da shi aka kasa. Newegg ya ba da haƙuri, ya kuma ce daga nan zai riƙa karɓar irin waɗannan alluna da firosesa ba tare da gardama ba. Madalla. Amma a tuna, wanda aka yi wa haka mutum ne mai kyamara da mabiya fiye da miliyan. Ni da kai makaminmu bai wuce "Allah ya isa" ba, kuma babu gurbin rubuta shi a fom ɗin ƙorafi.

Sai kuma ɓarayi, waɗanda a cikinsu akwai masu fasahar da ta kai a tafa musu kafin a kama su. A 2017 wasu masu saye a Amazon sun yi odar firosesa Ryzen 7 1700 na AMD, suka buɗe suka tarar da tsohon Celeron na Intel an goge masa suna an manna masa tambarin Ryzen, jaki a cikin kayan dokin sarki. Abin da aka fi zato shi ne wani ne ya sayi na gaske, ya mayar da na bogi, ya wuce ta hannun mai dubawa salin-alin. Katin hoto na RTX 4090, wanda ya fito a 2022 kan dala 1,599, masu gyara sun sha nuna irinsa da aka kawo musu: fanka na nan, nauyi na nan, fitila ma wani lokaci tana kamawa, amma an ciccire ƙwaƙwalwar da ke ciki, an bar kango. Ko ma'ajiyar bayanai, wadda take rubuta yawan awannin da ta yi tana aiki a wani kundi da ake kira SMART, ba ta tsira ba. A farkon 2025 kafar Heise ta Jamus ta bankaɗo cewa an sayar da ɗimbin had-dis ƙirar Seagate a matsayin sababbi alhali an goge musu wannan lissafi, kamar yadda ake mayar da mitar mota baya. Wani kundi na biyu da ake kira FARM ne ya tona asiri, ya nuna dubban awanni na aiki.

Za a ce da ni, to ai ga shi da bakinka ka faɗa, har sabo ma ba a tsira ba, kuma mutane da yawa sun sayi buɗaɗɗen kwali sun ji daɗi. Gaskiya ne, kuma na yarda mafi yawan kayan lafiyarsu ƙalau, in ba haka ba da kasuwar ta daɗe da watsewa. Amma ban ce kayan duk rubabbu ne ba. Na ce aikin tantancewa ne ya dawo kanka, don haka a auna lada da wahala kamar yadda kowane lebura ke yi kafin ya ɗauki kaya. Akwatin kwamfuta ƙarfe ne da gilashi, ido ya ishe ka. Fanka ko dai ta juya ko ta ƙi. RAM a sa masa MemTest86 a kwanta barci, da safe a ga sakamako. A irin waɗannan, karɓi ragin ka yi godiya. Amma a ce madabod na dala 200 an rage maka 30. Ka haɗa komai, ka danna, shiru. Yanzu wa za ka tuhuma? Allon ne, ko firosesa, ko RAM, ko akwatin wuta, ko kai kanka? Ba ka da na biyun ko ɗaya da za ka musanya ka gani. Ka kwance, ka sake ɗaurawa, ka hura, ka yi bismilla, ka sake dannawa, har a kira asuba. Raba dala 30 ɗin nan da darare uku, ka gaya mini ko mai tura baro a kasuwar Kwari zai karɓi wannan farashi. Akwatin wuta kuwa bar shi kawai, domin shi idan zai mutu ba ya son tafiya shi kaɗai.

Hujja ta biyu ita ce mai ƙarfi: in ya ƙi, ai sai ka mayar. Wannan ne ainihin abin da ake saya, kwalin rakiya kawai ya yi. A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da faɗin dalili ba, Amazon kuma yakan ba da kwana 30 a yawancin kaya. Ga mazaunin Landan ko Dalas, ragin yana da ma'ana, tunda masinja zai zo har ƙofa ya karɓa. Amma ɗan ƙungiyarmu na Kano ko Maraɗi yakan yi oda ne zuwa adireshin wani ɗan'uwa ko kamfanin jigila a Amurka, kuma agogo yana fara ƙirga ne daga ranar da kaya ya isa can. Kwali ya zauna jiran cikar lodi, ya hau jirgi, ya yi zaman kwastan, ya biyo mota daga Legas, ya iso hannu kwanakin sun ƙare ko saura ƙiris, kuma kuɗin mayarwa ya haɗiye ragin har ya nemi ƙari. Ga kuma ɗabi'armu ta sayen kaya ɗaya-ɗaya, kowane ƙarshen wata da nasa: allo a watan Janairu, firosesa a Maris, RAM bayan Sallah. Ranar da za a fara kunnawa, allon ya cika wata biyar a ƙarƙashin gado, ba shi da dangi a duniya sai kai. Wanda kuwa ya yi sa'a ya mayar a kan lokaci, me ya tabbatar masa cewa kwalin ba zai sake hawa kanta ba? Labarin Burke ya nuna yana iya hawa. Ina kyautata zaton akwai madabod a Amurka da ya fi direban tirela yawo.

Masu kishin muhalli su ma suna da magana, kuma ba zan raina ta ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, don haka sake sayar da abin da ke aiki ya fi jefa shi a bola. Na yarda. Sai dai wannan hujja ce a kan kanti ya gwada kaya ya faɗi gaskiyarsu, ba a kan ni in rufe ido in saya ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan aibi ya fito daga baya. Kanti yana tambayar kowane mai mayarwa dalilinsa, amsar tana nan a kwamfutarsu. Me zai hana a rubuta ta a ƙarƙashin farashi? Ko a titin Beirut ko Farm Centre na Kano, inda ba a rasa masu wayo, aƙalla za a jona maka kaya a gabanka, kuma gobe ka san shagon da za ka je ka ɗaga murya.

Saboda haka, 'yan'uwana 'yan ƙungiya, ban ce a watse ba. Ku sayi akwati da fanka da RAM. In kun matsa sai madabod, to sauran kayan su kasance a hannu tun kafin ya iso, a kunna kyamarar waya tun daga yankan salatif, a haska ramin fil da tocila kafin a taɓa komai, a kuma ƙirga kwanakin mayarwa kamar kwanakin azumi. Wanda kayansa sai sun biyo jirgi da kwastan da motar Legas kuwa, ya bar wa mutanen Kalifoniya ragin dala 30 ɗinsu, ya sayi rufaffen kwali.