Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Rezin, Sarkin Daskarewa

Ranka ya daɗe,

Ina tambayar lafiyar uwargida, wato ruwan kwalba ta biyu, wadda in ba a gauraya ku ba ba ka taɓa daskarewa. Ina fatan ana auna ku daidai, ko ɗaya da ɗaya ko biyu da ɗaya, yadda aka rubuta a jikin kwali, don kowa ya san halinka: a kuskure awo kaɗan, sai ka yi zuciya ka zauna da danƙo, ba kai ruwa ba, ba kai dutse ba.

Alhaji, gidanku gidan mutunci ne. Tun shekarun 1940 da kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ya fito da yayanka Araldite, aikinku haɗa abin da ya rabu. Masana'antu ma suna zuba ka a kan ƙananan na'urorin cikin mota don kada ruwa ko jijjiga su lalata su, ba wanda ya ce uffan. To me ya kai ka wannan sabuwar sana'a da nake gani a YouTube da TikTok? Mutum a Amurka ko Turai ya ɗauko Game Boy ɗin da ya fito a 1989, ko iPod na 2001, ya kwantar da shi a mazubin silikon, ya kwarara ka a kai, ya jira kwana biyu ko uku. Daga nan ya bi ka da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ya goge har ka yi ƙyalli, ya ɗora a tebur yana danne takarda da kai. Wai shi ya adana tarihi.

Ka gafarce ni, wannan jana'iza ce, sai dai kabarin na gilashi ne.

Masu wannan sana'a ba su faɗa wa jama'a cewa kana da zafin rai ba. Lokacin da kake daskarewa zafi kake fitarwa, kuma iya kaurin zubin, iya zafin. Wanda ya yi gaggawa ya juye kofi guda na mai saurin kamawa a lokaci ɗaya, zai ga ka yi hayaƙi, ka tsage, ka lanƙwasa robar abin da aka ba ka amana. Shi ya sa masu hankali suke zuba ka hawa-hawa, ko su sayi mai jinkirin kamawa. Wanda kuwa ya bar batirin litiyam a ciki ya ɗauko wa kansa dala ba gammo, domin batirin nan ba ya shiri da zafi, yana kumbura, in an takura shi ya kama da wuta. Kai kuma ka toshe masa duk wata kafa. Maganar kumfar da ke fitowa daga ƙarƙashin madannai bayan mutum ya kashe fitila ya kwanta, da yadda rana ke mayar da kai ruwan ɗorawa bayan ka yi alkawarin zama garau, na bar su, kowa da aibinsa.

Babban ƙorafina shi ne ba ka da ƙofa. Kyandir in ya daskare a narka shi, dalma ma haka, amma kai in ka kama ka kama ke nan. A sa maka wuta, sai dai ka ƙone. Na'ura kuwa, duk ƙanƙantarta, an yi ta ne da noti da murfi don wata rana a buɗe. Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ga yadda yaro ɗan shekara ashirin yake tayar da wayar da mai ita ya riga ya yi mata ta'aziyya: a canza gilashi, a sa sabon bakin caji, a ɗiga dalma, ta farka. Wadda ta ƙi tashi a cire mata sassa a raya wata. Abin da ya rage 'yan jari-bola su kwashe, su fid da tagulla. A wurinka duk wannan ya ƙare. Mai gyara na kallon notin da idonsa, ga sukundireba a hannu, ba dama.

Kuma wa ya ce maka na'urorin nan suna neman kariya? Na ga an binne Nokia 3310 a cikinka. Subhanallahi! Wayar da aka sayar da guda miliyan 126, wadda ke faɗowa daga bene ta tarwatse gida uku, a harhaɗa ta, ta ci gaba da ringin? Alhaji, tsakani da Allah, kai ne kake fakewa a jikinta.

Na san za ka kawo zancen kakanka, ƙaron itatuwan da ya daskare shekaru miliyoyi da ƙwari a cikinsa, wanda har fim ɗin Jurassic Park na 1993 ya gina labarinsa a kai. Gaskiya ne, kun gaji abin. Amma sauron da kakanka ya kama ba wanda yake shirin kai shi gyara. Mu kuwa rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba na ce laifinka ba ne, rabonka a ciki bai taka kara ya karya ba. Sai dai duk abin da ka haɗiye ya fita daga layin masu dawowa.

Ban zo raba ka da abincinka ba. Ƙananan fitilu masu wayar da ta leƙo waje suna yi maka kyau. Haƙoran agogon da ya mutu murus, tsohon layin waya, guntun allon kwamfutar da ya ƙone, duk halak malak, ka ci. Roƙona kawai, duk na'urar da aka kawo maka ka tambaya ko tana da sauran numfashi. In tana kunnuwa, ka ƙi kamawa. In da batiri, a cire tukuna. Mai zuba ka kuma ka ce masa ya sa safar hannu ya buɗe taga, don ɗanyenka yana sa ƙaiƙayin fata, tururinka kuma ba turaren wuta ba ne.

A gaida uwargida. Na so in sa hannu da tawada, amma na ji tsoron kada wani ya zuba ka a kan takardar kafin ka karanta.

Wassalam.

Naka mai girmama ka daga nesa,
Wani mai gyaran rediyo