Allo Ɗaya, Idanu Dubu

Shekara uku na yi ina tsaron ɗakin kwamfuta a wata makaranta. Ɗauke wuta bai taɓa tayar mini da hawan jini kamar masu sauya girman allo ba.

Akwai Baba mai gilashi a goshi, malamin da ya zo koyon kwamfuta dab da ritaya. Yana zama sai ya mayar da allo 800 da 600, kowane harafi ya kumbura kamar ƙosai. Shi dai ya gani. Wanda ya gaji kujerarsa ne zai yi ta laluben maɓallin OK da ya zurma ƙasan allo.

Kishiyarsa ɗan samari ne mai idon shaho: ya ja abin har ƙarshe, rubutu ya koma ƙwayar gero, ya tashi abinsa.

Wanda na fi so shi ne Ban-taɓa-komai-ba. Zai zaɓi girman da tsohuwar monita ba ta iya ɗauka, allo ya yi baƙi ƙirin. Da zai yi haƙurin daƙiƙa 15, Windows da kanta za ta mayar da shi yadda yake. Ina! Kafin daƙiƙa biyar ya zare filogi, ya suri jaka, yana waiwaye daga bakin ƙofa: "Oga, wallahi haka na same ta."

Shaƙiyyi kuwa ya gano cewa a wasu injinan, in ka danne Ctrl da Alt da kibiyar ƙasa, allo kifewa yake yi. Wata baiwar Allah ta yi minti ashirin da karkataccen wuya, kunya ta hana ta magana. Wani ƙato bai tsaya wahala ba, monitar ya ɗaga ya kife.

Da na gaji na kulle komai. Washegari ga Baba, hanci a jikin allo.

"Ɗana, idon nawa ma kulle shi ka yi?"

Kunya ta kama ni. Na buɗe, na sa musu Deep Freeze: kowa ya yi ɓarnarsa, da an kashe an kunna, komai ya koma daidai. Abin da na manta ban gaya wa Baba ba shi ne, har wasiƙar da ya yi sati yana bugawa da yatsa ɗaya za ta share.