Bayani a Kan Hukuncin Bos, Tare da Misalin Wani Bajamushe

Masana harkar kallo na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, wato waɗanda suka yi karatunsu a kan bencin gidan kallo, ga ƙarar janareto ga tuƙar rake a ƙasa har idon sawu, sun haɗu a kan cewa mutanen fim kashi uku ne: akta, yarinya da bos. Ragowar duk 'yan cike gurbi ne, ana harbinsu suna faɗuwa ba mai tambayar sunansu. Akta ba ya mutuwa. Wannan babu saɓani a kansa, kuma duk fim ɗin da akta ya mutu a ciki, wajibi ne mai gidan kallo ya mayar wa jama'a kuɗinsu. Yarinya aikinta a sace ta. Bos kuwa shi ne babin da ɗalibai suka fi faɗuwa a kansa, don haka a nan za mu tsaya.

Sharuɗɗan bos su ne tumbi ko sanƙo, da yara masu mutuwa kafin shi, da dariyar da ba a ba da labarin ban dariya ba. Mafi girman sharaɗi shi ne surutu. Dole in ya kama akta ya ɗaure shi tamau, sannan maimakon ya gama da shi, ya tsaya yana yi masa bayanin shirinsa dalla-dalla. Bos ɗin da ya harbe akta nan take jahili ne, bai san fim na da sauran awa guda ba.

Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa har ya yi ragi shi ne Gert Fröbe, Bajamushe, haifaffen yankin Zwickau a 1913. Ya fara da goge irin na Turawa da zanen bangon dandalin wasa. A 1948, lokacin Jamus na fama da yunwar bayan yaƙi, ya fito a fim ɗin Berliner Ballade a matsayin talaka ramamme, wuya kamar a ƙirga jijiyoyi. Daga nan masana suka ciro ƙa'idar cewa tumbin bos ba gadonsa ake yi ba, nemansa ake yi. Fröbe ya nema ya samu. A 1958 ya fito a matsayin mai kashe yara a wani fim na harshen Jamusanci, ya tsorata mutane yadda ya kamata, kasuwa ta buɗe.

A 1964 aka ɗauke shi ya yi Goldfinger, abokin gabar James Bond, wanda Sean Connery ya hau. A nan ya kamata ɗalibi ya nutsu. Jahilai na cewa Goldfinger ya je Fort Knox, rumbun zinaren Amurka, don ya yi sata. Ba haka ba ne. Ya lissafa ya ga kayan sun fi ƙarfin ɗauka, sai ya shirya tayar da bam mai gurɓatawa a cikin rumbun, zinaren Amurka ya zama ba ya taɓuwa shekaru da yawa, nasa da ke ajiye ya yi tsada. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya kulle mazarƙwaila a shago yana jiran ta maƙwabcinsa ta jiƙe ya san wannan ilimin, bambancin kawai bam.

Yaronsa, Oddjob, ba ya magana, hula yake jifa da ita mai bakin ƙarfe. Harold Sakata da ya hau matsayin ya ci lambar azurfa a ɗaga ƙarfe a wasannin Olamfik na Landan a 1948, amma wannan bai hana lantarki ya kashe shi kafin maigidansa ba, bisa tsari. Shi kuma maigida, bayan ya ɗaure Bond a kan tebur ya kunna masa wuta mai yanka ƙarfe, sai ya tsaya sauraron magana ya kashe wutar. Ƙarshensa tagar jirgin sama ta fashe, iska ta zuƙe shi waje da tumbinsa duka.

Akwai mas'ala mai wuya a nan. Turancin Fröbe bai nuna ba, don haka wani ɗan Ingila mai suna Michael Collins ne ya ɗora masa murya. To wane ne bos, mai tumbin ko mai muryar? Mazhabar Makarfi ta ce mai tumbin, don shi aka jefar ta taga. Mutanen Hunƙuyi ta ƙasar Kudan suka ce tambayar ba ta taso ba, tunda su ma Amrish Puri, Mogambo na Mr. India, da Hausa tsantsa suke jin sa a finafinan fassara kuma ba wanda ya ce ya fasa zama bos. Mun karkata ga ra'ayi na biyu.

Me ya sa Jamusawa suka yi yawa a wannan sana'a? Dalili na tattalin arziki ne. An gama yaƙin duniya a 1945, amma Amurka da Ingila da Faransa ba su gaji da cin nasara ba, suka ci gaba da cin yaƙin a majigi, kuma kowane cin yaƙi na bukatar wanda za a ci. Fröbe ya karɓi kwangilar da gaskiya. A The Longest Day na 1962 saje ne a kan doki yana kai wa sojoji kofi, ya ɗaga kai ya ga teku cike da jiragen abokan gaba. A 1965 kanar ne mai tuƙa jirgin sama yana duba littafin koyon tuƙi, ya ƙare a ruwa. A 1966 shi ne Janar von Choltitz da ya miƙa Faris. A 1968, cikin Chitty Chitty Bang Bang, sarki ne da ya haramta yara a ƙasarsa, yaran suka kifar da shi. Ba mu san ma'aikacin da ya sha kaye a ƙasashe da yawa haka kuma ana biyansa ba.

Saura tsohuwar tambaya: bos mugu ne a gida? Tsofaffinmu da ke cewa Allah ya shirye shi duk sanda Shu'aibu Lawan Kumurci, bos ɗin finafinan Hausa, ya bayyana a allo sun riga sun yanke nasu hukuncin. Lamarin Fröbe ya fi haka sarƙaƙiya, kuma nan ba wurin wasa ba ne. Ya shiga jam'iyyar Nazi yana ɗan shekara 16, ya fita a 1937. Da maganar ta fito a 1965, Isra'ila ta hana nuna finafinansa. Sai wani Bayahude, Mario Blumenau, ya ba da shaida cewa Fröbe ya ɓoye shi da mahaifiyarsa lokacin da ake farautar Yahudawa, aka janye hanin. Ɗalibi ya riƙe shigarsa jam'iyyar da shaidar Blumenau duka biyu, kada ya zaɓi ɗaya.

Fröbe ya yi aure sau biyar. Ya rasu a Munich ranar 5 ga Satumba 1988 yana da shekara 75, sakamakon bugun zuciya, kuma babu akta ko ɗaya da ke da hannu a ciki.