Ni da Koriyar Fitila

Ranar 29 ga Maris 2022, ranar da Ghana ta hana mu zuwa gasar cin kofin duniya a Qatar, ina cikin waɗanda suka ƙi tashi daga gidan kallon ƙwallo saboda takaici. Mai gidan ya juya tasha zuwa wasan Senegal da Masar, muka tarar an kusa bugun fenareti. Da Mohamed Salah ya zo bugawa sai fuskarsa ta cika da ɗige-ɗigen koren haske, 'yan kallo na dallare shi da fitilun leza ta ko'ina. Ya buga, ƙwallo ta wuce sama. Kowa a ɗakin yana Allah wadai, daga baya ma FIFA ta ci tarar Senegal. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, tambaya ɗaya ce ta zo zuciyata: a ina ake sayar da wannan fitila?

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a yankinmu na Achilafiya. Tsakanina da allo taku uku ne, kuma shekara da shekaru da karan dawa nake nuni, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Amma da aka tura mu bita Dutse, na ga mai gabatarwa yana yawo da ɗan jan ɗigo a jikin bango, sai karan nan ya fita daga raina. Na ɗauki waya na yi bincike na minti biyar. Na gano cewa idon mutum ya fi jin haske a wajen nanomita 555, koriyar leza kuma 532 ce, shi ya sa take fin ja haske ninki-ninki ko da ƙarfinsu ɗaya. Iyakar abin da na karanta ke nan. Akwai sauran bayani a ƙasa mai taken lafiyar ido, na ce wannan na yara ne.

Da albashi ya shigo cikin hunturu na hau mota daga Kazaure zuwa Kano. Mai shagon ya fito mini da wata siririya kamar biro, ya ce ita malamai ke saya. Na kalle shi kallon wanda aka raina. Na ce, "Ɗan'uwa, wadda ta fi ƙarfi nake so." Nan take na tashi daga Malam na koma Yallaɓai. Ya jawo wata baƙa mai kaurin taɓarya ƙarama, da batir mai caji, har da ɗan makullinta. Ya hura baƙin balan-balan, ya saita masa hasken, sai ji kake fau! Mai hankali a nan zai tambayi kansa: abin da ya fasa roba, me zai yi wa ido? Ni tafi na yi. A jikin fitilar an liƙa takarda mai cewa ƙarfinta bai kai miliwat 5 ba, a kwalin kuma an buga 10000. Na zaɓi in yarda da babbar lambar, yadda ake zaɓen ragon layya. Na biya kuɗin cefanen kwana huɗu, na ce wa uwargida kayan aiki ne.

Daren farko a teburin mai shayi ba zan manta da shi ba. Hazo ya sauka, kuma ƙura ita ce abincin leza: ina dannawa sai ga koren zare miƙe tun daga hannuna har sama. Majalisa ta yi tsit. Na gyara murya na ce yau zan nuna musu Kaza da 'Ya'yanta. Matsalar ita ce hazon da ya fito da zaren shi ya rufe taurarin, don haka na nuna wani wuri a duhu na ce, "Nan take." Suka ce ma sha Allah. Kafin mako ya ƙare yara sun sa mini suna Malam Kore, awakin unguwa sun daina kwana a ƙofar gidana, wata tsohuwa maƙwabciyarmu kuma ta turo jikanta ya shaida mini cewa aljanu sun tare a kan tsamiyar bayan gida, in riƙa yin addu'a. Na yi alkawarin zan yi.

Sai ranar Litinin. Sanyi kamar a tsaga jiki, ɗalibai duk a takure. Darasin ranar, in ka yarda, sassan ido ne. Na ɓata rabin sa'a ina zana ƙaton ido a allo da alli mai launi. Na zaro fitila a hankali don kowa ya gani, na murza makulli, na danna. Wani ɗan ɗigo ya fito, mara lafiya, da ƙyar ake ganinsa. Na girgiza ta. Na bubbuga ta a tafin hannu kamar tsohuwar rediyo. Wani a kujerar baya ya yi dariya. Daga nan ne ni, malamin kimiyya, mai takardar shaidar koyarwa, tsaye gaban zanen ido mai girman faifai, na juyo da bakin fitilar na leƙa ciki in ga abin da ya toshe ta, yatsana kuma yana kan maɓalli. A daidai lokacin ɗumin hannuna ya ishe ta, ta farka.

Duniya ta zama koriya. Ajin ya ɗauka baki ɗaya, "Malam!" Na ce, "Wannan shi ake kira gwaji." Na juya allo, sai ga wani tabo a tsakiyar duk abin da na kalla. Na kalli agogo, tabo. Na kalli shugaban aji, ba shi da hanci. A gida uwargida ta ajiye tuwo ta ce, "Malam, me ya sa kake kallona ta gefe kamar zakara?" Na ce tunani nake yi.

Kwana biyu na daure, na uku na tafi asibitin ido. Wadda ta duba ni, don Allah Ya cika mini wulaƙancina, tsohuwar ɗalibata ce, wadda na taɓa sa wa kamun kunne saboda rashin sauraro. Ta gaishe ni har da rusunawa, ta ɗiga mini magani, ta leƙa, sannan ta yi mini darasin da ya kamata in yi ranar Litinin. Ta ce ido yana tattara haske ya dunƙule shi a ɗigo ɗaya a bangonsa na ciki, kamar gilashin da nake ƙona musu takarda da shi a rana, kuma wurin ba ya jin zafi balle ya yi gargaɗi. Ƙiftawar ido, wajen rubu'in daƙiƙa, tana kare mutum ne daga fitila mai miliwat 1. A Amurka doka ba ta yarda fitilar nuni ta wuce miliwat 5 ba, amma a 2013 da cibiyar awo ta NIST ta gwada guda 122, kusan kashi 90 cikin ɗari na korayen sun saɓa ƙa'ida. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake haɗa su: hasken infared ne, wanda ido ba ya gani, ake bi da shi ta cikin ƙananan duwatsu ya koma kore. Masu araha ba a sa musu matatar da ke tare ragowarsa, sanyi kuma yana rage koren. Wato lokacin da na ga kamar ta mutu, mai yiwuwa tana ta aikinta a ɓoye.

"Malam, ka taki sa'a," in ji ta. "Wasu tabon ba ya barin su har abada. In dole sai ka saya, nemi mai miliwat 1, mai rubutun aji na 2, daga wurin da za a iya komawa a yi magana. Kada a haska mutum, ko dabba, ko direba, ko jirgi, ko wani abu mai ƙyalli. Ka ji ko in maimaita?" Na ce na ji, ranki ya daɗe.

Tabon ya yi makonni yana dusashewa kafin ya sallame ni. Fitilar tana ƙasan akwati, makullinta kuma yana ƙulle a bakin zanin uwargida tare da na ɗakin hatsi. Na koma gona na zaɓo kara miƙaƙƙe, na fere shi. Da na shiga aji da shi, yaron nan na kujerar baya ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, wannan miliwat nawa ne?"