Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Afdet

Takarda ta fito daga hannun wani talaka mai waya ɗaya tilo, zuwa ga mai girma Afdet, sarkin sabunta manhajar waya, mai shiga gidan mutane ba sallama. Ina fatan ka tashi lafiya a cikin wayata, tunda ga dukkan alamu kai ne maigidan yanzu.

Bayan haka, ranka ya daɗe, da biro nake rubuta maka wannan takarda, a bayan littafin lissafin ɗana. Ba don son gargajiya ba. A wayar na fara, na danna "bayan gaisuwa", na zauna ina kallon fuskarta fara fat har shayina ya huce, sannan haruffan suka fito a guje suna ture juna, rabinsu ma ba ni na aike su ba.

Ga abin da ke tafe da ni. Yau da sassafe, na dawo daga masallaci ke nan, surukina ya kira. Mahaifin matata nake nufi, mutumin da ko ta waya sai na rusuna nake gaishe shi. Wayar ta ɗauki ƙara. Ƙarar kam, in faɗi gaskiya, ba ka taɓa ta ba, tana nan raɗau. Amma fuskar baƙa ƙirin. Sai da ta ga dama ta haska, sunan Baba ya bayyana, na sa yatsa na ja koren maɓallin. Ko gezau. Na goge yatsan a riga na sake ja. Na canza yatsa. Na hura mata iska, na girgiza ta. Kira ya katse, Baba ya sake kira, muka koma 'yar gidan jiya. Da dattijo ya gaji ya haƙura, a sannan ne duk dannawar da na yi ta isa inda aka aike ta, a lokaci guda: tocila ta kama, kyamara ta buɗe ta ɗauki hoton silifas ɗina, wayar kuma ta tura wa Baba saƙon nan na Turanci da ke ajiye a cikinta, wai ina cikin taro, zan neme shi anjima.

Ƙarfe shida na safe. Taro.

Ba a jima ba 'yar wayar uwargida mai maɓallai, wadda ba ta san ka ba kai ma ba ka san ta ba, ta yi ƙara. Bugu ɗaya aka ɗauka. Ashe jikansa ya karanta masa saƙon, har da fassara. Na karɓi wayar na durƙusa a tsakar gida, na ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, wallahi ba ni ba ne, Afdet ne." Ya yi shiru, can ya ce, "Shi Afdet ɗin ɗan gidan waye?"

Na san gidan da ka fito, amma ba zan tona shi a nan ba, don kai da danginka duk halinku ɗaya.

Mu tuna yadda ka shigo. Ka daɗe kana leƙowa ta saman sikirin da takardarka ta neman izini, kuma zaɓi biyu ne kacal a kanta: "yanzu" ko "anjima". Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga "a'a" ba. Wane irin neman izini ne wannan? Na yi ta danna anjima, a zatona mai kunya zai gane. Jiya da tsakar dare aka kawo wuta, na tashi cikin magagi na jona caji, data tana kunne, na koma barci. Shi ke nan, ka ga ƙofa a buɗe. Da gari ya waye, datar da na yi lissafin za ta kai ni ƙarshen wata babu ko ƙyallinta.

Me ka zo mana da shi? Tamburan manhajoji masu kusurwa huɗu sun koma masu zagaye. Agogo ya yi ƙaura daga dama zuwa hagu. An ƙaro wasu fuskokin dariya da ban san wanda zan aika wa ba. Batirin da ke kai ni magariba, yau kafin azahar ya nuna ja. In na taɓa manhaja, maimakon ta buɗe, sai ta taso a hankali tana yanga, ta yi hazo-hazo, sannan ta bayyana. Wannan yangar ce kake kira ingantawa.

Duk wannan na yafe. Saiɓin ne ban yafe ba. Da wayar ta mutu murus, da na san na yi rashi, a yi min jaje in nemi wata. Amma tana raye, tana jin duk abin da na ce, sai dai ba ta amsawa sai ta mula don kanta. Tsakanin dannawa da amsawa akwai wani ɗan rami na daƙiƙa uku, huɗu, wani sa'in goma, kuma a ramin nan mutuncin mutum yake faɗawa. Mai adaidaita sahu ya sauke ni a bakin kasuwa, na ce bari in yi masa transfa. Muka tsaya mu biyu muna kallon da'irar nan tana juyawa, na bayanmu suna ta hon. Ya kalle ni, ya kalli hulata, ya ce, "Alhaji, in babu ne ka faɗa, ba komai." Akwai fa. Wallahi akwai. Sai da na zazzage aljihu na haɗa masa 'yan canji, ya ja ya tafi yana girgiza kai. Kuma ka sani, a garin nan wanda bai ɗauki waya ba ba a cewa wayarsa ce ta sandare. Cewa ake ya samu duniya, ya fara girman kai.

Da hantsi na isa Farm Centre, inda in waya ta gagara a Kano can ake kai ta. Yaron da ke duba min waya ya karɓa, ya shafa, ya jira, ya yi murmushi irin na wanda tun safe yake ganin irinta. Ya ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau. Afdet ne ya yi mata nauyi." Sannan ya warware min aikinka dalla-dalla. Tunda kai ba ka ga damar yi min bayani ba, bari ni in yi maka.

Ashe in ka shiga waya, aikinka ba ya ƙarewa a daren. Kowace manhaja sai an sake daidaita ta da sabon tsari. Hotuna sai an sake bin su ɗaya bayan ɗaya ana jerawa. Abubuwan da wayar ta ajiye a kusa don saurin buɗewa an zubar, sai an sake tarawa. Ya ce wannan ba abin damuwa ba ne, kwana biyu ko uku yakan lafa. Amma an tsara babban aikin ne ya gudana a lokacin da wayar ke kan caji, ba mai taɓa ta. Ranka ya daɗe, wa ya yi wannan tsarin? A wane gari yake zaune? Wutar da ta shigo da kai jiya, kafin kiran sallar farko ta koma inda ta fito. Wayar da za ta kwana a caji ba a taɓa ta ba, a unguwarmu sai dai a shagon mai caji, shi ma ƙarfe goma yake kashe janareta, kuma ba sadaka yake yi ba.

To wannan mai wucewa ne. Wanda ba ya wucewa shi ne nauyin. Wayata ram ɗinta giga 3, ma'ajiyarta giga 64, kuma tun ranar da na saye ta sama da giga 10 na tsarin ne, ba nawa ba. Kai kuwa a kan wayoyin bana aka yanka ka, masu ram 8 da 12. Kayan raƙumi aka ɗora wa jaki, sannan ake mamakin ya durƙushe. In ram ya cika, kashe manhajar da ke baya waya take yi don ta samu ta buɗe ta gaba. Shi ya sa in na fita daga WhatsApp don in kwafo lambar asusu, kafin in dawo ya manta da ni, sai ya tashi daga farko. Ma'ajiya kuma in ta kusa cika, ajiye abu a cikinta jan ƙafa yake. Yaron ya ce in rage hotuna. Hotunan sunan 'yata zan goge don tambari mai zagaye ya samu wurin zama?

Ga kuma batir. Batirin lithiyam tsufa yake, kowane caji yana ɗan rage masa ƙarfi, zafi kuma na gaggauta masa tsufan. Masu ƙera waya da kansu suna rubuta cewa an yi ta ne don yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Kano cikin Afrilu, 40 ma ba labari ba ne. In waya ta ɗau zafi, ƙwaƙwalwarta da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kai ka zo ka ƙara mata aiki, aikin ya ƙara mata zafi, zafin ya rage mata gudu, rashin gudun ya tsawaita aikin. Yanzu haka tana kan tabarma kusa da ni, ban sa ta komai ba, amma bayanta da ɗumi.

Na ce to, a mayar min da ita yadda take jiya. Nan ne fa, Afdet, raina ya ɓaci, kuma daga nan babu sauran ranka ya daɗe. Wai ba a komawa. An sa maka sakata ta ciki: waya in ta hau sabon tsari, ba ta yarda ta sauko tsohon. Yaron ya ce zai iya gwada filashin, amma komai zai tafi, hotuna da lambobi da saƙonni, in kuma aka yi rashin sa'a ta ƙi tashi gaba ɗaya. Wato na sayi abu da gumina, lafiyayye, wani da ban taɓa gani ba ya shigo cikin dare ya nakasa shi, ya kulle ya tafi da makulli. A wace kasuwa ake irin wannan ciniki? Sannan duk wanda na kai wa kuka maganinsa ɗaya ne: "Alhaji, ka canza waya mana." Da me? Ka san nawa ake sayar da buhun shinkafa? Jiya wayar nan ba ta buƙatar canji. Ba ta faɗi ba, ba ta shiga ruwa ba. Da kai kawai ta haɗu.

Kada ka ce min zargi ne irin na masu zaman majalisa. Danginka suna da tarihi a gaban hukuma. A Disamban 2017 kamfanin Apple ya amsa da bakinsa cewa sabuntawar da ya fitar a farkon shekarar tana rage gudun wasu tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya gaji. Hujjarsa ita ce don kada su riƙa mutuwa ba zato ba tsammani, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Sai dai ba a gaya wa masu wayar ba, kuma sai da masu auna gudun waya suka fito da alƙaluma sannan aka amsa. Mutum na ganin wayarsa ta tsufa, ya je ya sayi sabuwa, alhali batir kawai take so. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya rage kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29. Italiya ta ci shi tarar Yuro miliyan 10 a 2018, Faransa ta ci shi miliyan 25 a 2020. A Amurka ya amince ya biya har dala miliyan 500, kuma a Janairun 2024 mutane suka fara ganin alat na kimanin dala 92 a kan kowace waya. Tawa ba ta wannan gidan ba ce, kuɗin tasu ya fi ƙarfina. Na kawo zancen ne don ka san an taɓa kama ɗan'uwanka dumu-dumu.

Faransa tun 2015 ta mai da gajarta ran kaya da gangan laifi, har da ɗaurin shekara biyu. Tarayyar Turai kuwa, a ƙa'idarta da ta fara aiki ranar 20 ga Yunin 2025, cewa ta yi in sabuntawa ta rage wa waya kuzari, dole kamfani ya gyara kyauta, sai fa in mai wayar ya amince tun farko. Ka ga ashe ka iya sallama, a can. Mu nan da muke sayen na hannu, masu tsohon batir, a cikin zafin da ba a yi lissafi da shi ba, mu ne kake shigar mana har ɗaka da takalmi.

Na san abin da za ka ce: tsaro. Gaskiya ne, akwai ɓarayi a intanet, kuma 'yan kuɗina kaɗan ɗin nan a wayar suke. Toshe ɓarakar da za su shigo ta nan wajibi ne, ban musa ba. To ka toshe ɓarakar ka kama gabanka mana! Facin tsaro ƙaramin abu ne, ba shi ke cinye ram ba. Wa ya ce sai ka haɗa shi da yanga da hazo da agogo mai ƙaura, ka ce ko in karɓa duka ko in kwana ƙofa a buɗe? Ka raba su. Kafin ka shiga ka faɗa min ƙarara, da maganar da mutum zai gane, cewa wannan zai yi wa waya irin tawa nauyi. Ka sa maɓallin "a'a", ƙato, a inda yatsa zai kai. Ka bar min hanyar komawa, ko ta mako guda ce. Masu ilimin da suka iya sa tambari ya taso yana hazo, wannan ba zai gagare su ba.

In kuma duk ya fi ƙarfinka, to ka biya ni kamar yadda aka biya mutanen Amurka. Ba sai dala 92 ba, ni mutum ne mai sauƙin kai. Ka mayar min da datata, da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, da ɗan abin da na ba yaron nan ya sha ruwa. Kuma ka kawo su a hannu, takarda, kada ka ce za ka yi transfa. Manhajar bankin tun hantsi take juya da'ira, har yanzu ba ta kai ga tambayata lambar sirri ba.

Naka, ba don yana so ba,
Mai waya ɗaya, daga Kano.