Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tudun Rage Gudu Na Mashigar Kankiya

Zuwa ga Mai Girma Tudun Rage Gudu,
Kwance a kan titin Kano zuwa Katsina,
Mashigar garin Kankiya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana kwance lafiya, don ban taɓa jin an ce ka tashi ba. Ina yi maka sannu da aiki, da haƙuri da tirelolin da ke taka ka dare da rana, balle ran Lahadi in an tashi daga kasuwar Charanci. Na san ana zaginka da kowane harshe, amma har yau ban ga direban da ya wuce ka bai rusuna ba. Ko hakimi bai samu wannan girma ba.

Shari'a ce ta kawo ni, wadda ta fi ƙarfina. Ɗan ƙanena da ke nan Kankiya ya sayo mota, Nissan 350Z. Ɗan ƙanwata da ke Kusada ya ji labari, kuma da yake taubasai ne, barci ya ƙaurace mashi sai da ya sayo Mazda RX-8. Duka biyun tsofaffin 'yan Beljiyom ne, an gama cin ƙuruciyarsu a Amurka kafin su hau jirgin ruwa. A fim ɗin Tokyo Drift na 2006 yaran suka fara ganinsu tun suna 'yan makaranta, cutar ta kwanta a jiki sai yanzu ta tashi. Tun daga ranar, babu suna ko ɗaurin aure da za a yi a danginmu a watse ba a yi musu ba. Wannan ya ce, "Baffa, kai za ka raba gardama." Wancan ya ce, "Kawu, faɗi gaskiya, ba zan ji haushi ba," wato zai ji. Na tuƙa kowace, na kuma raka masu su gareji. Ga abin da na gani, sai ka yanke.

Ta ɗan Kankiya ba ta da ɓoye-ɓoye. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.5, ƙarfin doki 287 lokacin da ta fito a 2002, kuma tayoyin baya ke tura ta. Ƙarfin nata tun daga ƙasa yake. Kana giya ta huɗu a bayan tirela, ka ga hanya ta buɗe, ka ɗan taka totur, kafin ka gama bisimilla tirelar ta koma cikin madubi. Ba ta neman dabara daga direba, ƙafa take nema. Kulocinta da tauri, sitiyarinta da nauyi, giyarta sai ka sa ƙarfi, kuma duk tsakuwar da taya ta taka sai ta aiko wa ƙugunka da saƙo. Daga Kankiya zuwa Katsina na fito ina dafe da baya, amma ina murmushi, wannan ba zan ɓoye ba.

Kujerunta biyu ne tak. Da mahaifiyar yaron ta leƙa ciki, tambaya ɗaya ta yi: "To in ka yi aure, ni ina zan zauna?" Har yau ba a ba ta amsa ba. But ɗin ma an gitta mashi wani ƙaton ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan, don ya riƙe jikin motar kada ya murɗe a kwana. Dabara ce mai kyau, sai dai buhun masara ba ya shiga. Mutumin da ya farfaɗo da wannan zuri'a ta Z, wadda ta faro tun 1969, shi ne Carlos Ghosn, da kamfanin Renault ya turo ya ceto Nissan daga bashi a 1999. Shi ne kuma ya tsere daga Japan zuwa Labanan a watan Disamba na 2019 a ɓoye cikin akwatin kayan kiɗa. Ina kyautata zaton akwatin nan ya fi but ɗin motarsa fili.

Ta ɗan Kusada kuwa, ranka ya daɗe, sai ka gyara kwanciya, don bayaninta da tsawo. Motar nan ba ta da fistin. Ba wai an sace ba ne, haka aka ƙera ta. A maimakonsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa, yana zuƙar mai da iska a wannan lungu, ya matse su a wancan, wuta ta kama, ya fitar da hayaƙi, duk a zagaye ɗaya. Irinsu biyu ne a ciki, kowane cc 654, jimla lita 1.3, wato a takarda ba ta fi ƙaramar motar kai yara makaranta ba. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro injin. Mutanen Mazda na Hiroshima suka sayi izininsa a 1961, suka fitar da Cosmo Sport a 1967, suka nace a kansa bayan kusan kowa ya yar, har suka ci gasar Le Mans ta awa 24 a Faransa da irinsa a 1991, kafin kowane kamfanin Japan. Ɗan ƙanwata ya haddace wannan tarihin, kuma yakan karanto shi duk lokacin da motar ta ƙi tashi.

A tuƙi, gaskiya ɗaya ce, ta Kusada ta fi daɗi. In ka tashi da ita a hankali sai ka rantse an yaudare ka, don ba ta da wani ƙarfi a ƙasa. Sai allurar juyin inji ta haura 6,000 take farkawa, ta yi ta hawa sumul ba jijjiga har 9,000, inda Nissan tun kafin 7,000 ta nemi a canza mata giya. Saboda santsin injin, har ƙararrawa aka sa mata mai yin ƙara kusa da jan layi, don direba na iya mantawa. Injin ƙarami ne, an tura shi can baya da layin tayoyin gaba, nauyin motar ya rabu daidai gaba da baya. Shi ya sa in ka shiga kwana ba ka jin kana kokawa da ita, inda ka kalla can take zuwa. Tana kuma da kujeru huɗu na gaske, da ƙananan ƙofofin baya masu buɗewa ta baibai, waɗanda ba sa buɗuwa sai an fara buɗe na gaba. Ƙanwata ta samu wurin zama, sai dai ba ta fita sai da izinin na gaba, abin da bai yi mata daɗi ba.

Da a nan shari'ar ta ƙare, da ban dame ka ba. Amma tuƙa mota yini ɗaya daban, riƙe ta shekara daban.

Injin Nissan ɗan dangi ne. Sunansa VQ35, kuma 'yan'uwansa na cikin Murano da Pathfinder da Maxima da Altima, ga Infiniti FX35 da G35 waɗanda har ƙashin jiki suka haɗa da ita. Shekara 14 a jere, daga 1995 zuwa 2008, zuri'ar VQ na cikin jerin injuna goma mafi kyau na mujallar Ward's ta Amurka. Wannan bai dami kowa a Kankiya ba. Abin da ya dame mu shi ne in ka buɗe bonet, bakanike ya leƙa ya ce, "Ai na san shi." Fulogi, kwayil, filta, famfon ruwa, ka ba direban Kano saƙo da safe, ya biya Kofar Ruwa, da la'asar kaya na hannunka. Abin da ke ba da wahala shi ne kayan jiki, fitila ko bamba ko gilashi, da kuma tayoyi, don na baya sun fi na gaba faɗi, ba ka musanya su, kuma ba kowane mai faci ke da irinsu ba.

Injin Mazda kuwa maraya ne a ƙasar nan. Ran da aka fara kai ta gareji, wani bakanike da ya yi shekaru yana kwance injin Fijo da Golf ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya cikin ladabi ko sauran injin na gida. Fuloginta huɗu, biyu a kowane gida, kuma na sama da na ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Tana shan baƙin mai da gangan, don ana feso shi kaɗan-kaɗan cikin injin ya jiƙa 'yan ƙarafan da ke bakin kusurwoyin nan uku. Waɗannan 'yan ƙarafa su ne ranta. In suka cinye, matsi ya zube, sai ka ga mota ta tashi da sanyin safiya amma ta ƙi tashi in ta yi zafi, kuma maganin shi ne a sauke injin gaba ɗaya. Kamfanin da kansa ya tsawaita garantin injin a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000, amma garantin bai hau jirgin ruwa tare da ita ba. Saboda haka mai ita ba ya rabo da galan na baƙin mai a but, yana duba sanda kusan duk shan mai.

Tana da wata ƙa'ida kuma: ba a tada ta da sanyi a kashe nan take. In an yi haka fetur na iya cika gidan ya jiƙa fulogi. Wata safiya ƙanen mai motar ya matsar da ita daga gindin darbejiya don a yi shara, ya kashe, ya ajiye makulli. Ranar a kan babur ɗan ƙanwata ya zo ɗaurin aure Kankiya, taubashinsa kuwa ya tarbe shi tun daga bakin layi yana tambayar lafiyar Le Mans.

Wajen shan mai kada lita 1.3 ta ruɗe ka. Abin da Nissan ke sha da silinda shida, Mazda na shan kamarsa ko fiye. Hayaƙinta ne ma ya sa aka daina sayar da ita a Turai a 2010, aka rufe ƙera ta a 2012. Dukansu an yi su ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa fetur ɗinmu iri ɗaya ne, sai kuma na 'yan bumburutu, wanda Allah kaɗai ya san danginsa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, na lura yaran nan sun fi wanke motocin a kan tuƙa su.

Yanzu na zo kan huruminka. Mujallun Turai da Amurka sun gwada motocin nan a filin tsere, sun auna daƙiƙoƙi, sun raba kyaututtuka. Babu wanda ya kawo su gabanka. Tsakanin cikin kowace da ƙasa bai kai santimita 15 ba. Nissan da aka ce tana kai kilomita 250 a awa, na gan ta ta iso wurinka ta tsaya cik, ta karkace, ta ɗora taya ɗaya, ta jira, ta ɗora ta biyu, duk da haka sai da ka shafi salansarta, ƙarar ta kai har teburin mai shayi. Mazda ta zo da mutum huɗu, sai da biyu suka sauka, bayan an buɗe ƙofofin gaba an sake su. Suna cikin wannan hali wata Golf ta haya, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, buhuna a but har murfi bai rufu ba, ta haye ka ko gaisuwa babu. Mai amalanken shanu ma ya wuce su, ya ce masu sannu.

Wannan kan kwalta ke nan. In damina ta sauka aka ce akwai biki a wani ƙauye cikin Kusada, can wajen Mawashi ko Kaikai, inda dole a bar titi a bi burji da yashi, motocin biyu a gida suke kwana, masu su kuma su hau bayan ɗan acaɓa da babbar riga.

Kada ka ɗauka ƙararka na kawo. Na san dalilin da ya sa aka kwantar da kai. Titin nan ya ratsa tsakiyar gari, 'yan makaranta na tsallaka shi, masu talla na bin motoci, ga Babban Asibitin Kankiya da ya san abin da gudu ke kawowa. Doka ta ce kilomita 50 a cikin gari, amma allo ba ya fasa wa kowa salansa, kai kana fasawa. Kuma na ga abin da samari ke yi da mota a wajen biki, ana juyi ana tada ƙura mutane na tsaye a gefe suna ihu. Motar da tayoyin baya ke turawa ba ta yafe irin wannan ganganci, balle a kan yashi da tsohuwar taya. Na faɗa wa yaran nan duk wanda na ji ya yi wasan mota, ni da kaina zan kai makullinsa wurin ubansa.

Ra'ayina, in za ka karɓa a matsayin shaida: in aro za a ba ni na yini guda, Mazda zan ɗauka, in mayar kafin magariba, kafin ta nemi wani abu. In kuwa da kuɗina zan saya in riƙe a garin nan, Nissan ce, don ciwonta yana da magani a Kano. Na gwada faɗa masu haka, kowa ya tafi yana cewa shi ya ci.

Buƙatuna biyu ne. Ta farko, ka sa baki a shafa maka fenti, don da dare ba a ganinka sai an ji ka, kuma alƙali bai kamata ya yi kwanton ɓauna ba. Ta biyu, ka sanya mana rana. Za mu kawo motocin biyu bayan sallar Juma'a, in ta Kusada ta tashi, kowace ta haye ka sau ɗaya a gaban shaidu, wadda ta wuce ba ka taɓa ta ba ita ta ci. In duk ka taɓa su, sai a raba kuɗin walda biyu. In kuma ka ga shari'ar ta fi ƙarfin kotunka, ka miƙa takardar nan ga ramin da ke gaba da kai kaɗan, na ji an ce hukuncinsa ba a ɗaukaka ƙara.

Ka huta lafiya.

Naka mai rusunawa kullum,
Baffan ɗaya, kawun ɗaya,
Kankiya.