Ƙuri'ar Jin Ra'ayi a Ƙasar "Sai Godiya"

Abu biyu ne ba sa saɓa alƙawari a ƙarshen shekara a Najeriya: hazo da kasafin kuɗi. Shugaban ƙasa zai shiga zauren majalisa da akwati mai launin tuta, ya ɗan rusuna, ya ajiye, 'yan majalisa su ɓarke da tafi kamar an ce a raba musu abin da ke ciki nan take. Ran 29 ga Nuwamba, 2023, Shugaba Tinubu ya ajiye na naira tiriliyan 27.5. Na shekarar 2025 kuwa, kafin a sa masa hannu ya yi ƙibar da ta kai tiriliyan 54.99. Kowane kasafi kuma da sunansa na yanka: Buhari ya raɗa wa nasa na farko sunan canji, Tinubu ya raɗa wa nasa sabunta fata. Raguna ne kawai ba mu taɓa ganin an yanka ba.

Tafin bai gama lafawa ba sai masu ƙuri'ar jin ra'ayi su fito da alƙalumansu: wai farin jinin shugaba ya hau da kaso kaza, ko ya sauka da kaso kaza. Mutumin da ke layin cefane ya ji a rediyo an ce ga ra'ayinsa, ya waiga hagu da dama, ya ce, "To ni yaushe aka tambaye ni?"

A yi wa masu sana'ar adalci, aikinsu yana da ƙa'ida. Ba sai an tambayi kowa ba. Dillalin hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu kafin ya yi ciniki. Ƙarfe yake sokawa sama da tsakiya da ƙasa, abin da ya fito ya gaya masa halin buhun. Haka su ma: idan aka zaɓo mutum 1,000 ba da son rai ba, daga kowane yanki da kowane rukuni, amsarsu kan kusanci ta ƙasa baki ɗaya, da kuskuren da bai cika wuce kashi 3 cikin 100 ba. Rigimar tana wajen inda aka soka ƙarfen. A 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta yi shelar cewa Shugaba Roosevelt zai sha ƙasa a zaɓe. Ya lashe jihohi 46 cikin 48. Ashe sunayen da mujallar ta aika wa takardu ta tsamo yawancinsu ne daga littafin masu tarho da rajistar masu mota, wato saman buhu, a lokacin da talakan Amurka ke neman na tuwo. Wani mai wannan sana'a, George Gallup, da mutane kaɗan ƙwarai a kan nata, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mu kuwa rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka ko girman buhun ma kirdado muke yi.

A Ingila wannan ƙuri'a tana da haƙora. Ran 23 ga Satumba, 2022, ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya karanta ƙaramin kasafi mai rage haraji na kusan fam biliyan 45, ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba. Fam ta faɗi, kuɗin ruwan bashin gidaje ya tashi, kamfanin YouGov ya fito da sakamakon da ya nuna jam'iyyar Labour ta ba masu mulki ratar maki 33. Kafin wata ya cika an sallami Kwarteng, ita kuma Firaminista Liz Truss ta sanar da murabus ran 20 ga Oktoba. Wata jarida har ta sa ganyen latas gasar wa zai fi wani daɗewa da ita, latas ya yi nasara. Can idan an tambayi mutum ra'ayinsa, faɗa yake yi, kuma na sama su ji a jikinsu.

To ka zo nan gida ka gwada. Muna da kamfanoni masu wannan aiki, irin su NOIPolls da Ngozi Okonjo-Iweala ta kafa a 2006, wanda ya daɗe yana auna farin jinin shugabanni ta wayar tarho. Ni dai tausayin yaran da ake ɗauka su buga wayar nake ji, don ba su san da wa Allah ya haɗa su ba.

Na farkon da zai ɗauka shi ne Malam mai tawakkali. An ce, "Baba, yaya ka ga yadda gwamnati ke tafiyar da tattalin arziki?" Sai ya ce, "Alhamdulillahi, ɗana, sai godiya." Yaro ya rubuta: ya gamsu ƙwarai. Bai san cewa tun jiya ba a ɗora tukunya a gidan ba. Mu mutanen da ake zuwa dubiya a tarar da majinyaci ba ya iya ɗaga kai, a ce "ya jiki?" ya ce "da sauƙi". Wanda bai kai ƙarar ciwon da ke neman ransa ba, shi ne zai kai ƙarar gwamnati wurin baƙuwar murya?

Na biyu shi ne mai zargi. Da ya ji an ce "shekarunka nawa, wace ƙaramar hukuma kake," sai ya gyara zama. "Kai wane ne? Wa ya ba ka lambata? Saura ka tambayi BVN!" Ƙit, ya kashe. Ba laifinsa ba ne, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙaninsa kuma shi ne wanda ya tabbata jami'an tsaro ne ke gwada shi. Wannan zai yabi gwamnati tun daga shugaban ƙasa har kansila, ya haɗa da matansu da direbobinsu, yana ajiye waya ya tofar da yawu.

Na uku ya fi kowa fara'a, domin a saninsa ba a rubuta sunan mutum a banza. "Ranka ya daɗe, tallafi ne? A sa ni, a sa matana biyu, akwai kuma marayu a hannuna. In karanto lambar akawun?" Duk tambayar da aka yi masa, amsarsa na bin inda yake jin ƙamshin rabo. In ya fahimci babu komai a ƙarshen hirar, sai ya ce cajinsa ya ƙare.

Sai uwargida. Ita ce ta san farashin mudun shinkafa na safe da na yamma, ita ta san ranar da kwalbar manja ta koma rabi a kuɗin cikakkiya. A duk gidan babu wanda ya kai ta sanin tattalin arziki, har da mai digiri. Amma wayar tana aljihun maigida, in kuma tata ce, amsar ita ce, "Ka bari Baban su Abba ya dawo."

Shi kuwa masanin teburin mai shayi ba ya jira a kira shi, shi ke neman mai tambaya. Kafin shugaba ya gama karanta jawabi ya riga ya yanke hukunci cewa an cuci Arewa. Ka ce masa shafi na nawa, ya ce abin a fili yake. Ka ce sifili nawa ne a tiriliyan, ya ce kai ɗan kanzagin gwamnati ne. Sifilin dai goma sha biyu ne, kuma bashin shayinsa na wata uku bai sa ya yi shakkar koya wa ministan kuɗi lissafi ba. Kusa da shi ɗan a-mutun jam'iyya ne, wanda ra'ayinsa kan kasafi ya kammala tun ranar rantsuwa. In nasu ne a sama, fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kamar yadda aka gani bayan 29 ga Mayu, 2023, zai ce maka magani ai da ɗaci yake. In ba nasu ba ne, ko ruwan sama ya yi jinkiri ya san wanda ya riƙe shi.

Daga bakin waɗannan bayin Allah ake tace alƙaluman da za a kai wa mai girma. Shi ma yana da nasa salon. In sakamako ya yi daɗi, mai magana da yawunsa zai kira 'yan jarida ya ce binciken masana ne masu zaman kansu. In ya yi ɗaci, 'yan adawa ne suka biya. Ga kuma ƙuri'ar cikin gida da ba ta taɓa ba da kunya: fadawa. "Ranka ya daɗe, talakawa na bayanka." Gaskiya suka faɗa, suna bayansa, motarsa ce ta fi su gudu. In ana son shaida a rubuce, sai a saya wa yaran soshiyal midiya data su buɗe ƙuri'a a Facebook, kowa ya kaɗa da asusunsa huɗu, sojojin baka su hau rediyo da daddare su karanta sakamako.

Akwai ma tambayar da ya kamata a fara yi: wane kasafin ake nufi? A Janairun 2016 Majalisar Dattawa ta wayi gari ana cigiyar takardun kasafin da Buhari ya kawo. A cikin 2016 ɗin ne ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin ya yi kwarmaton cushe a kasafin, aka dakatar da shi. A Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi wa BBC Hausa bayanin wasu tiriliyoyi da ya ce bai ga ayyukansu ba, shi ma aka ba shi hutun wata uku. Ƙungiyar BudgIT ta ce ta ƙirga ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da majalisa ta saka a kasafin 2025. Ana kuma cikin 2025 ɗin ana ta ƙara wa'adin manyan ayyukan kasafin 2024. Wanda aka karanta daban, wanda aka sa wa hannu daban, wanda aka saki kuɗinsa daban. Sannan a kira mai faci a ce ya gamsu ko bai gamsu ba.

Babbar ƙuri'ar kuma, wadda ake yi duk bayan shekara huɗu, nan halinmu ke fitowa sarai. A 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Masu ihun "ba ma yi" a bakin titi da yawansu barci suka yi ranar. Cikin waɗanda suka fita kuma, an samu masu sayar da fushin shekara huɗu a kan taliya da sabulu da turmin atamfa.

Shawarata ga masu tambaya: ku daina tambayar Bahaushe ko ya gamsu, kunya da tawakkali ba za su bar shi ya amsa ba. Ku bi sawun Afrobarometer, da ke tambayar sau nawa a shekara mutum ya rasa abinci, ko ruwa mai tsabta, ko magani, ko makamashin girki, ko kuɗin shiga. Ku tambaye shi yaushe rabonsa da nama, ku kuma nemi a miƙa wa uwargida wayar.

Kai kuma mai karatu, kasafin nan ana wallafa shi a intanet, na jiharka ma haka. Sa ɗanka mai waya ya nemo maka sunan ƙaramar hukumarku, ku ga rijiyar burtsatse ko ajin makarantar da aka rubuta, ka taka ka duba ko suna nan. Godiya ta Allah ce, ka ci gaba da yi masa. Gwamnati kuwa da kuɗinka take aiki, in an kira ka a waya ka gaya mata gaskiya.